Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamanmu Da Limamanmu Kan Yaƙin Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibinku ne, cikin masu shimfiɗa darduma a bakin titi ranar Juma'a idan masallaci ya cika, muna jin huɗuba ta lasifika. Ban isa in yi muku nasiha ba. Kuka na kawo ƙofarku, kuma na kawo shi a bainar jama'a saboda ba nawa ba ne ni kaɗai.

Ƙanin kakana ya bar ƙasar Kano da ƙafa zuwa aikin hajji, zamanin da tafiyar kan ci shekaru. Ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai, ya shiga Darfur, yana tsayawa ya yi ƙwadago ya tara guzuri sannan ya ƙara gaba. Allah ya nufa ya sauke farali, amma a hanyar dawowa ya yada zango a Mai Wurno, garin nan na bakin kogi a kudu da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa da mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. A can ya yi aure, a can ya yi noma, a can aka binne shi. Jikokinsa na nan har gobe, suna wata Hausa irin ta da, wadda idan ka ji sai ka tuna tsofaffin gidanku.

Ɗaya daga cikinsu, wadda nake kira ƙanwata, tana aure a Sinja. A ƙarshen watan Yunin 2024 dakarun RSF, wato rundunar Janar Hamidti da ke yaƙi da sojan Sudan, suka shiga garin. Ta ɗauki 'ya'yanta uku, ɗaya goye, suka kama hanyar gabas cikin damina, wani wuri a ƙafa cikin taɓo, wani wuri a bayan akori-kura. Kwana da kwanaki ba mu ji ɗuriyarta ba. Ran nan da dare saƙon murya ya shigo wayata, tana magana a hankali kamar mai gudun tada barcin wani. Ta ce, "Yaya, mun iso Gadarif, muna kwana a wata makaranta. Mutanen gida sun san abin da ake yi mana kuwa? Ana ambatonmu a masallaci?"

Mutanen gida da take nufi ku ne, mu ne. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma gida take kiranta.

Na kai maganar ga wani malami na unguwarmu, mutumin kirki wanda nake ɗaukar karatu a zaurensa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, janar mai bindiga ba ya jin kururuwa. Mu yi musu addu'a kawai." Ban raina maganarsa ba, don tana da shaidu. Ranar 15 ga Fabrairun 2003 jama'a suka cika titunan ɗaruruwan birane suna cewa kada a kai wa Iraƙi hari. A Landan kaɗai an yi kusan mutum miliyan guda. Ranar 20 ga Maris bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza, kuma waɗanda suka ba da umarnin zaɓaɓɓun shugabanni ne, balle masu mulkin kama-karya. Rashawan da suka fito a Fabrairun 2022 suna ƙin yaƙin Yukren, dubbai aka kwashe zuwa ofisoshin 'yan sanda, ranar 4 ga Maris kuma aka yi dokar da ke iya ɗaure mutum shekara 15 kan abin da gwamnati ta kira labarin ƙarya game da soja. Mu ma a nan mun ɗanɗana: zanga-zangar Kano ta Oktoban 2001 kan harin Afganistan ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya, Amurka kuwa ko gezau. Duk wanda ya ga wannan, dole gabansa ya faɗi idan ya ji an ce a fita.

Amma na zauna a Hartum shekara huɗu ina karatu, kamar yadda wasunku suka zauna kafin ni, kuma abin da na gani da idona ya hana ni tsayawa inda malam ya tsaya.

Mutanen Sudan sau uku suna kawar da mai kaki ba su ɗauki ko gora ba. Na farko a 1964 ne, kuma abin lura, maganar yaƙi ce ta tada shi. Ɗalibai suka shirya taro a Jami'ar Hartum don tattauna yaƙin da gwamnatin Janar Ibrahim Abbud take yi a kudancin ƙasar. 'Yan sanda suka afka musu ranar 21 ga Oktoba, suka harbe wani ɗalibi, Ahmad Ƙurashi. Jana'izarsa ta zama ambaliyar mutane. Alƙalai da lauyoyi da likitoci da ma'aikata suka ajiye aiki, ƙasa ta tsaya cik, hafsoshin soja suka rabu kan batun harbin jama'a. Kafin ƙarshen Nuwamba Abbud ya sauka. Na biyu a Afrilun 1985, da aka ƙara kuɗin burodi, Shugaba Ja'afar Numairi yana Amurka, yajin aiki ya game gari, ministan tsaronsa Janar Suwar Dahab ya karɓi mulki ranar 6 ga wata, ya kuma miƙa shi ga farar hula a shekarar da ta biyo.

Na uku kuwa ina nan. Burodin fam ɗaya ya koma fam uku, ranar 19 ga Disambar 2018 garin Atbara ya tashi, wuta ta bazu gari-gari. Ranar 6 ga Afrilun 2019 mutane suka isa ƙofar hedikwatar soja a Hartum, wurin da suke kira Ƙiyada, suka zauna, suka ce ba inda za su. Mu baƙi an ja mana kunne kada mu kusanci wurin, kuma da farko mun ji. Daga baya wani abokin karatuna ɗan Umdurman ya ja ni, na bi shi. Samari ne ke tsare shingayen da aka yi da tubalan titi, suna caje kowa kada a shiga da makami, suna yi suna waƙa cewa ka ɗaga hannu sama, cajin cikin ladabi ne. A kan gadar jirgin ƙasa wasu yara ke dukan ƙarfe da duwatsu dare da rana, suna karɓa-karɓa, sautin ya zama kamar bugun zuciyar wurin. Likitoci sun kafa tanti. Da azumi ya kama, tabarmi aka jera a kan kwalta, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ba a tambayarka daga ina kake kafin a miƙo maka kofi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ƙaramin soja, bai fi shekara 20 ba, ya jingine bindigarsa yana shan shayi wurin wata tsohuwa mai sayarwa. Ya miƙa kuɗi, ta ture hannunsa. Ta ce da shi, "Ɗana, kuɗinka ba na so. Ranar da aka ce ka harba, ka tuna ni na ba ka shayi." Ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. A dararen farko na zaman nan, da jami'an tsaron Shugaba Bashir suka zo tarwatsa jama'a, ƙananan sojoji irinsa ne suka shiga tsakani. Ranar 11 ga Afrilu manyan hafsoshi suka cire Umar Bashir bayan shekara 30 a kan mulki. Wanda ya gaje shi, Awad bin Auf, kwana ɗaya ya yi, jama'a suka ce ba su yarda ba, shi ma ya sauka.

Allah ya gafarta malamai, Bashir bai sauka don zuciyarsa ta yi laushi ba. Mutumin da kotun duniya ke nema tun 2009 kan Darfur, kukan mai sayar da shayi ba zai hana shi barci ba. A nan malamin unguwarmu ya yi gaskiya. Sai dai babu sarkin da ke ɗauke da kujerarsa da kansa. Akwai mai riƙe bindiga, akwai mai biyan albashin mai bindiga, akwai mai sayen hajar da ake samun kuɗin, akwai mai tsayawa ya ce abin da ake yi daidai ne. Kururuwar jama'a waɗannan take nema, kuma su suna ji, don suna da uwaye, suna da maƙwabta, suna da dukiyar da suke tsoron asararta, suna da mutuncin da suke gudun zubewarsa. Ranar da suka saki, sai ka ga mai kujera a ƙasa.

Ba zan ɓoye abin da ya biyo baya ba. Ranar 3 ga Yunin 2019, ana gab da sallah, tun da asuba muka riƙa jin harbi daga ɗakunan kwananmu. An afka wa zaman Ƙiyada, an ƙona tantuna, an ci zarafin mata, an tsamo gawawwaki daga kogin Nilu. Ƙungiyar likitoci ta ce waɗanda aka kashe sun haura 100. Majalisar sojan da ke mulki a lokacin, shugabanta Janar Abdulfatah Burhan ne, mataimakinsa Janar Muhammad Hamdan Dagalo da ake kira Hamidti, wato mutanen nan biyu da ke yaƙar juna yau. Aka yanke intanet sama da wata guda. Na ɗauka magana ta ƙare. Abokina ɗan Umdurman ya yi kwana uku bai iya cin abinci ba. Amma samarin kwamitocin unguwanni suka koma bin gida-gida da baki da 'yar takarda, ranar 30 ga Yuni kuma titunan Hartum da sauran birane suka cika har ba masaka tsinke. Tarayyar Afirka ta riga ta dakatar da Sudan, Habasha ta shiga tsakani, ranar 17 ga Agusta janarorin nan suka sa hannu kan raba mulki da farar hula, abin da makonni kaɗan kafin nan suke nuna ba za su yi ba.

Suka warware alkawari ranar 25 ga Oktoban 2021, su biyun tare, suka kifar da gwamnatin Abdullah Hamduk. Matasa suka koma titi mako bayan mako, sama da shekara guda, aka kashe musu fiye da mutum 100, ba su fasa ba. Ba su kayar da juyin mulkin ba, amma sun hana shi zama daram: tallafin ƙasashen waje ya tsaya, kuma daga murabus ɗin Hamduk a Janairun 2022 har yaƙi ya ɓarke, sojan ba su iya naɗa cikakken firaminista ba. Sannan saɓani ya kunno kai tsakanin janarorin kan shigar da RSF cikin rundunar soja, ɗaya na cewa shekara 2, ɗaya na cewa shekara 10. Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, Hartum ta wayi gari da ƙarar jiragen yaƙi.

Kun san wani ɓangare na abin da ya biyo, don 'ya'yanku ɗalibai na cikin waɗanda suka yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su. Sauran ga shi a taƙaice. A Jinaina da ke yammacin Darfur, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta an kashe tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 a 2023, akasarinsu 'yan ƙabilar Masalit. Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, yankin Jazira da kakanninmu suka yi noman auduga ya zama kufai. A Agustan 2024 aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam. Fashir, wadda mahajjatanmu na ƙafa suka sani zango ce, ta sha ƙawanya kusan shekara ɗaya da rabi kafin ta faɗi a ƙarshen Oktoban 2025, aka yi kisan da baki ba ya iya faɗa. Jiragen soja su ma sun yi ruwan wuta a kasuwanni da unguwanni. Fiye da mutum miliyan 12 sun bar gidajensu. A Janairun 2025 Amurka ta ce RSF ta aikata kisan ƙare dangi, ta sa wa Hamidti takunkumi, bayan kwanaki kaɗan ta sa wa Burhan nasa.

Me ya hana mutanen da suka kayar da shugabanni uku tsayar da wannan yaƙi? Titin da za su fita ya zama fagen daga. Wanda ya ce "a'a ga yaƙi", wannan ɓangare ya kira shi maci amana, wancan ya kira shi ɗan leƙen asiri. Sannan ƙafafun kujerar sun ƙaura, yawancinsu yanzu a wajen Sudan suke. Yaƙi ba ya ciyar da kansa; harsashi saye ake yi, jirgi marar matuƙi saye ake yi, man fetur saye ake yi. Zinaren ƙasar na fita, mafi yawansa zuwa kasuwar Dubai, makamai na shigowa. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin kai wa RSF makamai daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta filin jirgin Amjaras a gabashin Cadi abin gaskatawa ne, Daular kuma ta musanta. Rundunar soja ita ma tana da masu ɗaure mata gindi da masu sayar mata da jirage. Matar da ke kwana a ajin makaranta a Gadarif, muryarta ba ta kai wa ga waɗannan fadoji. Taku tana kaiwa. Ana gayyatar wasunku taruka a can, ana zaunar da ku a kujerun gaba, ana sumbatar kanku.

Kada ku ɗauka matasan Sudan sun naɗe hannu. Kwamitocin da suka shirya zanga-zanga su ne suka rikiɗe suka zama ɗakunan agajin gaggawa. Suna dafa abinci a manyan tukwane, abin da suke kira takiya, sunan da suka aro daga zawiyoyin shehunansu inda ake ciyar da baƙo da matalauci. Wake ne ko adas, cokali biyu a roba, wani gidan shi ke nan abincin yini. Kuɗin kuwa 'yan'uwa na waje ke turowa ta manhajar banki ta Bankak, a nemi inda ake samun intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink a karɓa. Su ke fitar da marasa lafiya, su ke gyara famfo, su ke haƙa kabari. Suna kiran wannan aiki nafir, wato gayya tamu sak. Ɓangarorin biyu duk sun kama musu mutane, an kashe wasu suna bakin tukunya. Tukunyar nan ita ce zanga-zangar da ta rage musu, kuma ƙanwata da 'ya'yanta daga irinta suka ci har suka miƙe.

Akwai misali kusa da mu da ya kamata mu riƙa tunawa. A 2003 matan Laberiya, Musulmi da Kirista, suka sa fararen kaya suka zauna a wani fili kusa da kasuwar kifi ta Monrobiya, a kan hanyar da Shugaba Charles Taylor ke wucewa, rana ta doke su, ruwa ya doke su, har ya yarda ya gan su. Da aka tafi sulhu a Akara, madugan yaƙi suka miƙe ƙafa a otal suna jan magana, matan suka bi su can, suka zauna a bakin ƙofar zauren suka sarƙe hannuwa, suka ce ba mai fita sai an daidaita. Mai shiga tsakani a zauren nan namu ne, Janar Abdulsalami Abubakar. Taylor ya bar mulki ranar 11 ga Agusta ya taho Kalaba, aka sa hannu kan sulhu ranar 18 ga wata. Ba matan kaɗai suka yi aikin ba. 'Yan tawaye na bakin birni, kotu ta fitar da sammaci, sojan Najeriya sun sauka. Bango ya riga ya tsage, su kuma suka san inda za su sa ƙarfinsu.

Amma me ya kai ni Laberiya, alhali ku da kanku kun yi? Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ba da wa'adin kwana 7, aka fara maganar tura soja. An rufe iyaka, an yanke wuta, gaban kowa na faɗuwa daga Sakkwato har Maraɗi, daga Daura har Damagaram. Ku kuka hau mumbari kuka ce ba za a yi ba, Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya ne. Jama'a suka ɗauka, aka yi jerin gwano a Kano, majalisar dattawa ta ce a bi hanyar sulhu. Tawagar farko da ta je Yamai ta dawo ba ta ga Janar Tiani ba. Amma da ayarin malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau ya isa ranar 12 ga Agusta, aka buɗe musu ƙofa, aka zauna da su. Tafiyar ba ta fito da Bazoum ba, ba ta mai da mulki hannun farar hula ba. Amma yaƙin da aka ɗaura wa sirdi ba a hau shi ba, kuma duk mai adalci ya san muryarku na cikin abin da ya riƙe linzamin. Janar mai bindiga ne ya ji ku a ranar, da shi da masu shirin yaƙarsa.

Shi ya sa shirunku kan Sudan yake yi mini ciwo. Mun yi alƙunutu saboda Gaza, mun tara gudummawa, mun yi kuka, kuma ya cancanta, Allah ya ba da lada. To Fashir fa? Ina jin nauyin bakin daga inda ya fito: a Sudan mai kisa da wanda ake kashewa duk alƙibla ɗaya suke kallo, waɗanda ake zargi da ɗaukar nauyin yaƙin kuma ƙasashe ne da muke jin kunyarsu, wasu sun gina mana masallatai, wasu sun ba 'ya'yanmu guraben karatu. Faɗan cikin gida ya fi wuyar tsoma baki. Amma ku kuka karantar da mu ayar nan ta Suratul Hujurati, cewa idan ƙungiya biyu ta muminai suka yi faɗa a sulhunta su, kuma ku kuka karantar da mu cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Ban san wani wuri a duniya yau da karatun nan ya fi dacewa da shi ba.

Ba ina roƙon ku tura yara kan titi ba ne. Na san abin da ya sa da yawanku suka ja kunnen matasa a Agustan 2024, na kuma ga abin da ya faru a Kano a kwanakin. Abin da ke hannunku ya fi titi nisan zango. Huɗuba ɗaya ta Juma'a, a rana ɗaya, daga Zariya zuwa Agadas, daga zangon Kumasi zuwa Garwa, a kira Sudan da sunanta, a kira Jinaina da Zamzam da Fashir, a gaya wa mutane abin da ke faruwa ba tare da an zama 'yan amshin shatan wani janar ba. Irin wannan labari yana isa ofisoshin jakadanci kafin la'asar, don akwai waɗanda aikinsu ke nan, su saurara su rubuta. Ƙasar da ke kashe maƙudan kuɗi don a gan ta da haske a idon Musulmin duniya ba za ta so a riƙa ambatonta a mumbarin Afirka ta Yamma tare da gawawwakin Darfur ba. Idan an gayyace ku taro a ƙasashen Larabawa, ku yi maganar a gaban masu masaukin, cikin hikimar da Allah ya hore muku. Ku haɗa ayari irin na Yamai, Izala da Tijjaniyya da Ƙadiriyya a jirgi ɗaya, ku nemi gwamnatin Najeriya da Tarayyar Afirka su share muku hanya. Ko an hana ku ganin janarorin, ku je Adare a kan iyakar Cadi, inda ɗaruruwan dubban 'yan gudun hijira suka tsallako, ku zauna da su a ƙasa, a ɗauka a nuna wa mutanenmu.

Ku yi wa fatakenmu masu harkar zinare magana su san asalin abin da suke saye. Ku yi wa samarin yankinmu magana, musamman na kan iyakoki, waɗanda ake ruɗa da kuɗi da ganima su tafi yaƙin da ba nasu ba; mun ga abin da makaman Libiya suka yi mana bayan 2011, kuma Darfur ta fi kusa da tafkin Cadi fiye da yadda muke zato. Idan an buɗe asusun taimako, a nemi hanyar da zai isa ga tukwanen takiya kai tsaye. Sannan ina roƙon kada a mai da abin maganar Hausawa kaɗai. Ni ta dalilin jinina na shigo, amma Bamasalitar da aka kashe wa miji a Jinaina haƙƙinta a kanmu ɗaya ne da na ƙanwata.

Ban ce muku idan kun yi magana gobe za a ajiye bindiga jibi ba. An zauna a Jidda a Mayun 2023, an sa hannu, ba a cika ba. Zaman Ƙiyada ma sai da aka yi kusan wata huɗu ana fita ana kashewa kafin a kai gare shi, kuma babu wanda ya san ranar da ƙaramin sojan nan zai sunkuyar da kai sai da ranar ta zo. Abin da na sani shi ne mutanen da ke ciyar da yaƙin nan suna lissafin riba da asara, kuma har yanzu shirunmu a gefen riba suke rubuta shi.

Ƙanwata ta sake turo saƙo kwanan baya. Ƙaramin ya fara tafiya, babbar kuma tana tambayar yaushe za a fitar da su daga ajin a fara karatu a cikinsa. Ba ta maimaita tambayarta ta farko ba, ni ma ban amsa mata ba har yau. Nufina ranar Juma'a in zo da wuri in samu sahun gaba, in kunna wayata, idan liman ya ambaci Sudan in naɗi muryarsa in tura mata.

Wassalamu alaikum.
Ɗalibinku, daga Kano.